Fara ɗaya ce ta kwantar min da Ɗan Gemu

Har yau idan na tuna safiyar nan sai gabana ya faɗi. Na dawo daga sallar Asuba, na haska tocila cikin akwatin gilashin, sai na ga Ɗan Gemu yana jan ciki da ƙafafun gaba kawai, na baya biyu suna biye da shi kamar tsumma. Ƙadangaren da jiya-jiya yake tsalle yana cafkar ƙwaro, yau ko reshen da yake kwana a kai ya kasa kamawa. Kuma da hannuna na ba shi abin da ya kwantar da shi.

Irin ƙadangaren Ostareliya ne mai gemu. Daga Legas aka kawo min shi yana ɗan wata biyu, har da wutsiya bai wuce tsawon tafin hannuna ba. Ranar da ya iso Umma ta dube shi ta ce, "Yanzu ƙadangaren da ya cika mana katanga shi ka sa kuɗi ka saya?" Amma ba a yi mako biyu ba ta fara ware masa ganyen zogale idan tana gyara. Wata guda na farko lafiya lau. Ƙananan gyare sau uku a rana, in zuba masa ya ci iya cinsa cikin minti 10 zuwa 15, in barbaɗa musu garin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, in kwashe waɗanda suka rage kafin dare don kada su cije shi yana barci. Duk wanda ya riƙe ƙaraminsu ya san yadda suke da ci. Babba ne yake komawa ganye, shi ɗan yaro ƙwari ne kusan duk abincinsa.

Matsalar a Kano ita ce samun ƙwarin da rai. Fara dai ga ta nan tuli a bakin titi, soyayya da yaji, amma wannan tamu ce, ba tasa ba. Gyaren daga Legas ake auno min a kwali, in je tasha in karɓa, wani lokacin in tarar rabi sun mutu a hanya. To a watan Disamba saƙon ya yi jinkiri. Kwana biyu ina yanka masa zogale da kabewa, ya ɗan lasa ya kau da kai, yana bin yatsana da ido duk inda na kai shi. Tausayinsa ya kama ni. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai fara ta cika gonakin bayan Ɗorayi, in sanyi ya kama su ko tashi ba sa iya yi." Na ba shi gwangwani na ce ya je.

Ya dawo gab da Magariba da guda goma sha wani abu. Ƙananan na fara ba shi, ya lamushe. Saura ɗaya babba, irin babe mai ƙaya a ƙafafun baya, kaurinta ya kusa ɗan yatsana ƙarami. Abin da ya fi ci min rai shi ne na san ƙa'idar. Na karanta ta ba sau ɗaya ba: kada ƙwaron ya wuce faɗin da ke tsakanin idanunsa biyu. Na ma ɗaga farar na kai ta kusa da kansa na ga ta ninka wannan faɗin. Sai zuciyata ta ce min ai kwana biyu bai ci ba, ai a dajin ƙasarsu ba wanda yake auna masa. Na sake ta. Ya cafke, ya daɗe yana tauna, ƙafa ɗaya tana leƙe a gefen bakinsa, ya runtse ido ya haɗiye. Ni kuwa har murna nake yi.

Ba a yi rabin awa ba aka ɗauke wuta.

Nan ne kuskure na biyu ya hau kan na farko. Su irin waɗannan ƙadangarun ba sa narkar da abinci sai da zafi daga waje. Wurin shan ɗuminsa ana so ya kai wajen digiri 40, kuma a ba shi abinci aƙalla awa biyu kafin a kashe fitila. Ni na cika masa ciki da almuru, cikin hunturu, fitilar ɗumi ta mutu, ba ta dawo ba har gari ya waye. Da na duba ma'aunin da ke manne a gilashin da asuba, 17 ya nuna. Abin da ya haɗiye ya kwana a cikinsa kamar dutse.

Na naɗe shi a tsohon rawani na hau adaidaita zuwa wurin wani likitan dabbobi. Ya faɗa min gaskiya cewa kaji da awaki da karnuka ya fi gani, amma ya karɓe shi a hankali, ya lallatsa gefen cikin da yatsa, ya ce in taɓa. Na ji wani curi mai tauri. Ya ce, "Malam, me ka ba shi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, fara ce." Ya ce in nuna masa girmanta, da na nuna sai ya girgiza kai. Ya bayyana min cewa abinci idan ya cushe a hanjin ƙaramin ƙadangare yana danne jijiyoyin da ke bin ƙashin baya, shi ya sa ƙafafun baya suke mutuwa. Ya tambaye ni kalsiyam da hasken rana, don rashinsu ma yana kawo raunin ƙafa da karkarwa, amma wannan a hankali yake zuwa, ba dare ɗaya ba. Sannan ya ƙara min wani tashin hankalin da ban ma kawo a raina ba: gonakin wake feshi ake musu sosai, farar da ta ci ganyen tana iya ɗauke da guba. Ya ce kyankyason gida ma kada in kuskura, ga fiya-fiya a kowane lungu. Maƙesu kuwa, mai walƙiya da dare, guda ɗaya yana iya kashe irin wannan ƙadangaren.

Babu allura, babu wani babban magani. Ya ce a dakatar da abinci, a ba shi ɗumi, a riƙa tsoma shi a ruwa mai ɗumi iya kafaɗarsa minti 15 zuwa 20 sau biyu a rana, ana shafa cikin daga sama zuwa wutsiya ba tare da dannawa ba, a ɗiga masa ruwa a kan hanci ya lasa. Idan abin ya ƙi a dawo da shi.

Kwana huɗu na yi a haka. Da hantsi in fito da shi tsakar gida a kan tabarma, rabi rana rabi inuwa, tunda hasken da ya ratso gilashi ba ya ba shi abin da ƙashinsa yake buƙata. Da dare in zuba ruwan zafi a gora, in naɗe da tawul in ajiye a gefensa. Gemunsa ya yi baƙi ƙirin, ya daina bin yatsana da ido. Kowane dare sai na tashi sau biyu sau uku in haska in ga ko yana numfashi, kuma kowane tashi farar nan nake gani a hannuna kusa da kansa. Umma da kanta take dafa ruwan, tana taɓawa da gwiwar hannu kamar za a yi wa jariri wanka.

Rana ta biyar yana cikin roba sai ya ɗaga wutsiya ya yi kashi. Ban taɓa zaton zan yi hamdala a kan kashin ƙadangare ba, amma wallahi na yi. Na sa tsinke na tona: ga ɓawon fiffike, ga ƙafafun baya biyu da ƙayoyinsu yadda suka shiga, ko lanƙwasa ba su yi ba.

Tun daga nan ban ƙara dogara da saƙon Legas kaɗai ba. Na samo tsutsar baƙin ƙudan nan da masu kiwon kifi da kaji suke haifarwa, tana da laushi kuma tana da kalsiyam, ina kuma ajiye gyare a bokiti mai kwalin ƙwai, ina ciyar da su karas da ganye kafin shi ya ci su. Abincin ƙarshe da La'asar ne, ko da wuta ko babu. Kowane ƙwaro sai na kai shi tsakanin idanunsa na gwada, wanda ya wuce ya koma bokiti. Idan ya kwana biyu da ganye kawai ba abin da zai same shi, wannan ne ban yarda da shi ba a daren nan.

Ƙafar dama ta dawo cikin mako guda. Ta hagu ta ɗauki kusan wata, kuma har yanzu idan zai hau reshe sai ya ɗan ja ta kafin ta kama. Shekaranjiya ƙanena ya shigo da wata fara a hannu ya ce, "Yaya, wannan ƙarama ce fa." Na karɓa na kai wa kajin Umma.