Abin da nazarin Annalise Keating ya koya mini

Binciken da na yi na kammala karatu a sashen koyon aikin jarida ya shafi yadda talabijin ɗin Amurka ke nuna mata baƙar fata. Shirin da na zaɓa shi ne How to Get Away with Murder, wanda tashar ABC ta nuna daga 2014 zuwa 2020. Viola Davis ce ta fito a matsayin Annalise Keating, lauya mai kare waɗanda ake tuhuma da kisan kai, kuma malamar shari'a a wata jami'a a birnin Philadelphia.

Tarihin yana da nauyi. Tun bayan shirin Get Christie Love! na 1974, sai a 2012 manyan tashoshin ƙasar suka sake ba baƙar mace jagorancin shirin dirama irin wannan, wato Kerry Washington a shirin Scandal. A 2015 kuma Davis ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kyautar Emmy, lambar yabo ta talabijin a Amurka, ta babbar jaruma a rukunin dirama. Amma na koyi cewa ƙirga fuskoki ba ya wadatar da mai nazari, sai ya tambayi wace irin mace aka yarda ta zama.

Annalise ba waliyyiya ba ce. Giya ta fi ƙarfinta, tana ƙarya, tana ɓoye shaida, tana jefa ɗalibanta cikin masifa. Wasu abokan karatuna suka ce wannan zubar da mutuncin baƙaƙen mata ne. Ban yarda ba, har gobe. Shekara da shekaru fararen maza ke fitowa da mugun hali a talabijin, ana yaba wa marubutan cewa sun iya gina mutum. In aka ce baƙar mace sai ta tsarkaka kafin a nuna ta, an ɗora mata kayan al'umma guda a ka ke nan. Fitowar da ta fi taɓa ni tana zango na farko, inda ta zauna gaban madubi ta cire gashin kanti, ta goge kwalliya. Nan mai kallo ke ganin irin shirin da take yi kullum kafin kotu ta saurare ta.

Siyasar shirin kuwa, na gano ta ne ta hanyar duba wanda yake ɗora wa laifi. Yawancin shirye-shiryen binciken laifi ɗan sanda ne gwarzonsu. A nan masu gabatar da ƙara da 'yan sanda su ne abin zargi. A zango na huɗu, a 2018, Annalise ta kai ƙara har Kotun Ƙoli a madadin talakawan da lauyoyin da gwamnati ke ba marasa hali suka kasa karewa saboda yawan aiki da ƙarancin kuɗi. Matsalar gaskiya ce: tun 1963 kotun ta tabbatar wa mara hali haƙƙin samun lauya a manyan laifuka, amma haƙƙi a takarda daban yake da lauyan da ke da lokacinka. Wannan matsayi ne na masu neman gyara tsarin shari'a, kuma shirin bai ɓoye ba.

Inda ya gaza mini shi ne, fursunan da aka gina ƙarar a kansa namiji ne. Matan da Annalise ta tarar a gidan yari lokacin da aka tsare ta a zango na uku, 'yan fitowa kaɗan suka samu, labari ya wuce su. Na so a ce ɗaya daga cikinsu ce aka kai ƙararta Kotun Ƙoli.