Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Haƙoran Auta

A makon jiya na tsaya ne a inda muka yaye Auta aka kai ta Argungu wurin mahaifiyata. Da ta dawo Birnin Kebbi bayan wata guda, ta zo da sabuwar ɗabi'a, domin ba ta barci sai da fida cike da shayi mai sukari a bakinta, ni kuwa tausayin yaye ya hana ni raba ta da ita.

Bayan 'yan watanni na lura da wani farin layi kamar alli a gindin haƙoranta na sama, daidai inda suka haɗu da dasashi. Na nuna wa surukata, sai ta ce, "Kwantar da hankalinki, 'yar nan, ai famfara za ta yi su zube." Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, haka kuma na karɓa. Farin ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa, haƙoran suka riƙa gutsurewa har suka zama kututture. Ran da dasashinta ya kumbura kwana muka yi a zaune, tana dafe da kunci, ina danna mata audugar da na jiƙa da ruwan kanumfari, da safe kuma maƙwabta suka ce tsutsa ce.

Likitan haƙorin da muka gani ya ce babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke cikin baki suke cin sukari suna fitar da sinadari mai tsami wanda yake zaizaye haƙori, kuma da yake yawu yana raguwa a lokacin barci, shayin nan kwana yake yi a kan haƙoran ba abin da zai wanke shi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da ya ce daga cikin haƙoran farko guda 20, turamen ciki suna kaiwa shekara 10 zuwa 12 kafin su fita, kuma su ne suke riƙe wa masu fitowa gurbi. Ya ƙara da cewa da mun zo tun farin layin nan, da maganin fuloraid da ake shafawa zai iya tsayar da ɓarnar.

Ya cire biyu da suka tara mugunya, ya cike turame biyu da suka yi kogo.

A daren muka ajiye fida, sai ruwa a kofi, ta yi kwana uku tana kuka ban janye ba. Na koma goge mata baki da hannuna safe da dare, da makilin mai fuloraid gwargwadon ƙwayar shinkafa, tunda ba ta cika shekara 3 ba. Saura alawar da kakarta Hajiya take ƙulle mata a bakin zane kullum, wadda na rasa ta inda zan ɓullo wa maganarta. Mako mai zuwa zan kawo yadda muka kwashe.