Miliyoyin da muka tara a lasifika

Har yau in na wuce ta gaban ajujuwan nan huɗu da suka tsaya a linta, sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Ni ne ma'aji, ni ake tarewa a ƙofar masallaci ana tambayar ina aka kwana.

A Nuwamban 2023 muka ƙaddamar da gidauniyar gina wa marayun ƙungiyarmu makaranta. Rajista da CAC (hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista), asusun banki, zanen gini, duk sun tafi daidai. Ranar taro rumfa ta cika maƙil, sanƙira na ta kwarara "Alhaji wane, miliyan biyu!" ana kabbara. Da daddare na haɗa lissafi, na kwanta da murna. Ban ware abin da ya shigo hannu da abin da aka faɗa a lasifika ba. Ashe na hannun ko sulusi bai kai ba.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ke ci min rai shi ne shawarar da ni da bakina na kawo: a bar kuɗin a banki, in alƙawura sun cika a sayi kaya gaba ɗaya. Lokacin buhun siminti na wajen naira dubu 5 da 'yan kai. Wani dattijon birkila ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ku kai wa dila kuɗin nan ya rubuta muku buhuna, ku riƙa ɗiba a hankali." Na ce sai kwamiti ya zauna. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 buhu ya haura dubu 10, rodi ya bi bayansa. Kuɗin na nan, babu wanda ya taɓa ko sisi, amma rabin simintinsu ya tafi.

Masu alƙawari kuwa, wasu sun cika, Allah ya saka musu. Wani cewa ya yi daga zakkarsa zai bayar, malamanmu suka ce a mazhabar Malikiyya zakka ba ta shiga gini. Wasu har yau "in sha Allahu" muke sha a waya.

Yanzu in mutum ya ce zai taimaka, ba na tambayarsa naira nawa. Buhu nawa, tifar yashi nawa, bandir ɗin kwano nawa, kuma wace rana za mu turo mota. Birkilan nan kullum muka haɗu sai ya gaishe ni da fara'a, bai taɓa tuna min ba. Da ya yi min gori ma da na fi samun sauƙi.