Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Fadar Sarki a Cikin Tukunyar Magani

A makon jiya na tsaya a inda muka kammala shekarar haddace tsirrai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗanɗanonsa da ɗabi'arsa ta zafi ko sanyi. Da muka koma karatu a birnin Nanjing na ƙasar Sin, aka fara mana darasin haɗa magunguna, wanda Sinawa ke kira fangji.

Malamarmu dattijuwa ce marar yawan magana. Ranar farko ta siffanta mana wani majinyaci wanda sanyi ya kama, yana zazzaɓi da ciwon jiki da haki, amma ko ɗigon gumi babu a jikinsa, ta ce kowa ya rubuto abin da zai ba shi. Da yake kaina cike yake da haddar bara, na jera tsirrai goma sha uku, kowane ciwo da nasa, ina ganin na yi bajinta. Ta daɗe tana duban takardar, sannan ta tambaye ni, "A cikin waɗannan duka, wane ne sarki?" Na rasa ta cewa.

Ashe tambayar ita ce darasin. Masanan Sin na dā sun tsara haɗin magani kamar fada, da muƙamai huɗu: jun, chen, zuo da shi, wato sarki, waziri, mataimaki da manzo. Asalin maganar yana cikin tsohon littafinsu Huangdi Neijing, inda aka nuna cewa wanda ya tunkari ainihin cutar shi ne sarki, wanda ya dafa wa sarki shi ne waziri, wanda kuma yake amsa kiran waziri shi ne manzo. Ni da na tashi a garin sarauta ban sha wahalar fahimtar wannan ba, domin na san taron da kowa ke ba da umarni a cikinsa ba fada ba ce, kasuwa ce, kuma kasuwar na rubuta wa malama.

Amsar da take nema tsirrai huɗu ce kacal. Sunan haɗin Mahuang Tang, yana cikin littafin Shanghan Lun na likita Zhang Zhongjing, wanda ya rayu a ƙarshen daular Han, wajen shekara ta 200 Miladiyya. Tsiron mahuang shi ne sarki, domin shi ke buɗe fata ya fito da gumi, ya sassauta haki. Ƙananan rassan kirfa, guizhi, su ne waziri, suna ɗumama jiki suna ƙara wa sarki ƙarfi. Ƙwayar xingren, wadda ake cirowa daga ƙwallon ɗan itacen apricot, tana kwantar da tari, ita ce mataimakiya, sai saiwar gancao mai zaƙi, wadda ke sasanta sauran ukun ta rage musu kaifi, ita ce manzo. Hatta ma'aunin yana bin girman muƙami: mahuang awo uku, kirfa biyu, gancao ɗaya, xingren kuma ƙwaya 70.

Muƙamin mataimaki ya fi ba ni sha'awa, domin ba kullum yake goyon bayan sarki ba. Wani lokaci aikinsa shi ne ya taka wa mai ƙarfi birki, kamar yadda ake haɗa ɗanyar citta da wani tsiro mai suna banxia don ta kashe masa dafi.

Da rana aka kai mu ɗakin dafa magani, inda bango guda ya cika da ƙananan akwatunan katako, kowanne da suna a goshinsa. Na auna mahuang a ɗan sikelin tagulla, wasu siraran karare kamar tsintsiyar da aka yayyanka, na dafa shi shi kaɗai tukuna kamar yadda littafin ya umarta, ina kwashe kumfar da ke tasowa da cokali kafin in zuba sauran. Ba abin wasa ba ne, domin daga wannan tsiron ne masanin Japan Nagai Nagayoshi ya ware sinadarin efedirin a 1885, kuma yana sa bugun zuciya da hawan jini su ƙaru. A ganina duk wanda ya ɗauki sunan haɗin nan a intanet ya dafa wa kansa, ganganci ya yi.

Kafin mu tashi malama ta sake tambaya: idan majinyacin yana gumi fa? A nan sarki yake sauka, waziri ya hau gado, a koma haɗin Guizhi Tang, wanda ya ƙunshi kirfa, saiwar wani fure mai suna shaoyao, ɗanyar citta, gancao da dazao goma sha biyu, 'ya'yan wata itaciya 'yar'uwar magarya, sannan majinyaci ya bi shi da kunun shinkafa mai zafi. Idan kuma aka ninka shaoyao aka ƙara maɗin hatsi, haɗin ya tashi daga maganin sanyi ya koma na ciwon ciki, har sunansa ya sauya.

Ta mayar mini da takardata an soke tsirrai goma da jan biro, ta kuma ba mu baitocin da ɗalibai ke haddace haɗe-haɗen da su. Daren nan na kai ƙarfe biyu ina bitar baitin Mahuang Tang, ina rangaji kamar a makarantar allo, har abokin ɗakina ya jefe ni da matashi. Yadda ta kaya a jarrabawar baka, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.