A tudu ake gama magana

Ƙungiyarmu ƙarama ce. Akwai malaman makaranta, 'yan kasuwa, ma'aikatan gwamnati masu ci da waɗanda suka yi ritaya, da wasu matasa da suka koyi sarrafa ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Son kogin Isa, wato kogin Neja, ne ya haɗa mu, kuma ranakun hutu mukan fita tare daga Yamai, wani lokaci yawon yamma kawai, wani lokaci wuni guda. Ni ne mai riƙe littafi. Ni ke tara kuɗi, in yi ciniki da masu kwale-kwale, in sa rana, in bi waɗanda suka makara da waya. Ba na tuƙi, iyon ma na ceton kai kawai na iya. Saboda haka duk abin da aikin nan ya koya mini, daga gefen mai shiri na koye shi.

Duk sabon shiga da damina yake son a fita. Gari ya yi kore, kogi ya cika, zafi ya sauka, me ake jira? Sai na zaunar da shi na yi masa bayanin da ni ma tsofaffin matuƙa suka yi mini, cewa kogin nan sau biyu yake cika a Yamai, kuma cikar ba iri ɗaya ba ce. Ta farko tana zuwa a Agusta da Satumba, daga ruwan saman da ya sauka a yankinmu da Burkina Faso, wanda koguna irin su Sirba da Dargol da Gorouol ke juyewa a ciki. Ruwa ne ja, mai laka, mai gaggawa, yana ɗauke da rassan itace da kainuwa, kuma yakan tashi cikin kwana ɗaya ko biyu ba sallama. Ta biyun ruwan tsaunukan Gini ne. Ya sauka tun damina, amma sai ya bazu a fadamun tsakiyar Mali, wajen Mopti, ya yi watanni yana jan ƙafa, sannan ya iso mana a Disamba da Janairu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Wannan ruwan ya riga ya ajiye lakarsa a hanya, a hankali yake hawa, a hankali yake sauka. Shi ne ruwan yawo. Daga Afrilu kuma kogi ya janye, yashi ya fito tsibiri-tsibiri, a Mayu da Yuni akwai wuraren da yaro zai tsaya ruwa bai kai masa ƙugu ba. Manyanmu suna tuna 1985, shekarar da kogin ya daina gudu gaba ɗaya a Yamai. Mu kuma mun ga 2020, lokacin da ya kai wajen mita 7 a ma'auni, ya fasa shingen tare ruwa na unguwar Lamorde, ya shiga gidajen mutane a ɓangaren Harobanda da ke ƙetaren kogi. Wanda ya ga waɗannan biyun ba ya sa ranar yawo don kawai an biya albashi.

Iska ma tana da nata tsarin, kuma nan ne matasanmu masu jiragen iska suka fi ni sani. A Yamai kogin yana gangarowa daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, hunturu kuwa daga arewa maso gabas yake busowa. Ke nan iskar tana dukan jirgi a gefe, ko hawa kake ko gangara, kuma sun ce babu iskar da ta fi wannan daɗin sarrafawa. Sai dai tudun bakin kogi da itatuwa suna tare ta, ta ɗauke ɗif sannan ta dawo da ƙarfi. Ga gadoji uku a hanya: ta Kennedy tun 1970, ta biyu da Sinawa suka gina aka buɗe a 2011, sai ta Janar Seyni Kountché a 2021. Tsakanin ginshiƙan gada ruwa yana matsewa ya ƙara gudu, iska kuma ta rikice. Shi ya sa jiragen iska ba sa fita su kaɗai a yawon ƙungiya. Kullum akwai babban kwale-kwale mai inji da ke ɗauke da jama'a, da igiya a shirye don jan wanda iska ta yasar. Kuma kullum sama muke fara nufa, mu tunkari gudun ruwa tun muna da ƙarfi da man inji, domin idan inji ya mutu a dawowa kogin da kansa zai kawo mu gida.

Waɗannan duka ana iya rubuta su a takarda a manna a bango. Abin da ba ya mannuwa shi ne maganar zama.

Kwale-kwale dogo ne siriri, kuma daidaitonsa ya dogara da inda kowa ya zauna. Matuƙi yana duban mutum ne da nauyinsa: masu jiki a tsakiya, a raba su dama da hagu, marasa nauyi a gaba don hancin jirgi ya ɗaga, yara kusa da babban da ya iya iyo. Mu kuwa mun taso da wani tsari dabam. Babba shi ne a gaba, kusa da shi wanda ke bi masa, mata wuri guda, yara can inda ya rage. A wurin ɗaurin aure wannan daidai ne. A kan ruwa kuwa, idan manyan Alhazai uku suka jeru a gefe ɗaya don su ci gaba da hirar da suka faro a mota, bakin jirgin na wannan gefen sai ya rage ɗan yatsa tsakaninsa da ruwa.

Tsohon matuƙin da muka fi hulɗa da shi Basarke ne, ya gaji sana'ar kaka da kakanni, Zabarmanci da Hausa duk a bakinsa. Yana ganin wannan kuskuren zama tun kafin a gama shiga, amma ba zai buɗe baki ya ce wa Alhaji ya tashi ba. Ba tsoro ba ne. Tarbiyya ce, kuma akwai lissafin cewa mutumin nan ne zai biya shi da yamma. Abin da zai yi shi ne ya rage gudu, ya manne da gaɓa, ya matsar da jarkar mai zuwa ɗaya gefen da ƙafarsa, ya yi shiru. Na taɓa tambayarsa a keɓe, na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa musu?" Ya ce, "Ɗana, ni jirgi na sani. Mutanenka kai ka san su. Idan na yi magana a tsakiyar ruwa mutum ya ji kunya, tashi zai yi tsaye don ya nuna bai ji ba. To tashin nan shi nake gudu."

Tun daga nan na gane inda aikina yake. Duk maganar da za ta yi wa mutum nauyi a kan ruwa, sai an gama ta a tudu, kuma ni zan yi ta, ba matuƙi ba. Kwana ɗaya kafin tafiya nakan kira manyan ɗaya bayan ɗaya. Ba na cewa ga doka. Nakan ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, gobe tsakiya muka tanadar maka, nan ne ba ya girgiza, kuma ruwa ba ya fantsamowa." Gaskiya ce kuwa, ban yi ƙarya ba. Hajiya mai jin tsoro in gaya mata tun a waya cewa kusa da wance za ta zauna, wadda ta saba. A bakin kogi, kafin kowa ya taka jirgi, shugaban ƙungiya da bakinsa yake cewa daga nan har mu dawo, maganar Baba ita ce magana. Muhimmin abu ne a ce shugaban ne ya faɗa, domin idan babba ya fara sauke kansa, na ƙasa da shi ba ya jin an ci masa fuska. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma girman mutum ma ba a taɓa shi a gaban jama'a ana tsakiyar kogi.

Amfanin wannan ya fi fitowa ranar da muka haɗu da dorina. Mun wuce gari, muna hanyar Bubon, sai Baba ya kashe inji ba tare da ya ce komai ba. Can gaba, kusa da ciyawar bakin wani tsibiri, kunnuwa biyu ƙanana ne a kan ruwa, sai huci, sai wasu kunnuwan da suka fi su ƙanƙanta a gefe. Uwa ce da ɗanta. Nan take wayoyi suka fito, wani ya fara miƙewa, wani yana cewa a ɗan matsa kusa hoton bai fita ba. Baba ya ce, a hankali, "Kowa ya zauna." Kowa ya zauna, har da mai miƙewar, wanda a ofis ɗinsa mutane da yawa ke tashi idan ya shigo. Baba ya ɗauki gora ya tura mu baya, ya bar ruwa ya ja mu zuwa ɗaya gaɓar, ya yi zagaye mai nisa, yana ƙwanƙwasa gefen jirgi lokaci-lokaci don kada mu zo wa wata ba zata. Bai taɓa shiga tsakaninta da zurfin ruwa ba. Dorina tana kifar da kwale-kwale, masunta da manoman shinkafa na yankin Ayoru sun sha wannan baƙin ciki. Da a ce sai a wannan lokacin za a fara muhawarar wa ke da iko, da ba mu da lokacinta.

Juyawa ma haka take. An biya kuɗi, an dafa dambu da zogale, an sayo kilishi, an yi alkawarin cin giwan ruwa a tsibiri, sai matuƙi ya kalli gabas ya ce a koma. A farkon damina hadari daga gabas yake tasowa, jan bango na ƙura a gaba, iska mai tsanani a bayansa, kuma tsakanin ganinsa da isowarsa ba nisa. Da hunturu kuma hazo kan rufe har ɗaya gaɓar ta ɓace. Mutanen da suka biya ba sa son jin a koma, matuƙin da ke tsoron rasa kuɗinsa kuma ba ya son faɗa. Sai muka gyara cinikin: ko an kai ko ba a kai ba, kuɗinsa cikakke ne, kuma rabi yana hannunsa tun kafin a tashi. Wasu 'yan ƙungiya sun ce asara ce. Ni a ganina wannan ne kuɗi mafi amfani da muke kashewa, domin da shi muka saya wa mutumin 'yancin cewa a'a.

Rigunan ceto sun fi ba ni wahala. Idan aka ce a ƙara jika ɗaya-ɗaya don rago, hannuwa na tashi kafin in rufe baki. A ce don riguna, sai a fara tuna cewa rai a hannun Allah yake. Haka ne, amma wanda ya ce haka ya kulle motarsa kafin ya sauko. Ga babbar riga da lulluɓi, masu kyau a hoto, masu nauyi idan sun jiƙe. Wannan ma a waya ake faɗarsa tun jiya, kuma matan ƙungiya ne ke gaya wa 'yan'uwansu mata, ba ni ba. Gawayin shayi ba ya hawa jirgin da ke ɗauke da jarkar mai yana ci. Sai an sauka. Yara ba sa wanka a ruwan da ya kwanta a gefen ciyawa, saboda tsargiya. Ina ƙirga kawuna a duk inda aka sauka aka sake hawa, da sunaye, da ƙarfi, ko da ana yi mini dariya ana cewa malamin firamare.

Kada mai karatu ya ɗauka duk yawon dokoki ne. Idan an isa tsibiri aka shimfiɗa tabarmi, aka yi sallar la'asar a kan yashi, aka ɗora shayi, tsarin tudu yana dawowa daram: manya a inuwa, matasa na zuba musu, Baba ma a ba shi kofin farko don shekarunsa. A Bubon, mai nisan wajen kilomita 25 daga Yamai, matan garin suna gina tukwane da tuluna masu zanen fari da ja, kuma ranar Laraba kasuwarsu ke ci. Hajiyoyinmu ba sa dawowa hannu wofi, sai ni da Baba mu tsaya muna lissafin inda tulu goma zai zauna a jirgin da ya riga ya cika. A hanya mukan rage gudu idan za mu wuce masunta, don kada farfela ta yanke musu taru ko igiyar mamari, mu gaisa, wani lokaci mu sayi kifin da ke hannunsu. Su a wurin aiki suke, mu ne 'yan yawo, kuma suna lura da jirgin da ya san haka.

Yanzu tafiyarmu ta gajarta. Da can ana zancen kwana a Ayoru don kasuwar Lahadi, amma rashin tsaro a jihar Tilaberi ya sa mun daina nisa, kuma kafin kowace fita nakan tambayi masu jirgi da mutanen ƙauyukan bakin kogi yadda hanya take a wannan makon. Abin da ke gabanmu a taron ƙungiya na gaba shi ne batun matasan nan masu jiragen iska. Sun ƙware, wasunsu sun fara karanta ruwa, kuma suna so a bar su su riƙa yanke shawarar juyawa da kansu ba sai sun jira alamar babban kwale-kwale ba. Na kai maganar wurin Baba. Ya ce a ba shi biyu daga cikinsu su bi shi da rani, lokacin da ruwa ya janye, su taka da ƙafa su ga inda yashi ya tare da inda duwatsu suke, sannan idan ruwan Gini ya zo ya rufe su a sake magana. Matasan sun ce watanni da yawa ne. Na rubuta sunayen biyun da suka yarda.