Wasiƙa daga Malmo: Halimatu da 'Yan Matan Garinmu

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na ƙasar Ringim. Ina fata an yi girbi lafiya, gero da riɗi sun yi albarka. Mu nan Suwidin sanyi ya kankama, tun ƙarfe huɗu na yamma duhu yake rufewa.

Zancen ƙwallo ne ya kawo ni, amma ba na Arsenal da Chelsea da samarinmu ke musu a kai a gidan kallo ba. Zancen Halimatu Ayinde ne, haifaffiyar Kaduna, 'yar wasan tsakiya ta Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon mata ta Najeriya, wadda ta zo ƙungiyar Rosengard ta wannan birni a 2022. Kafin nan ta buga a Delta Queens, da Amurka, da Belarus.

Ba mai yawan zura ƙwallo a raga ba ce, shi ya sa da yawanku ba ku san ta ba. Aikinta tare hanya, ta ƙwace, ta miƙa wa ta gaba, ta sake komawa baya da gudu. Kamar mai jan ruwa a gidan biki take, kowa ya sha, ba mai tambayar sunanta. Tana cikin waɗanda suka kai wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada a 2014, inda Jamus ta ci mu ɗaya mai ban haushi. A 2022, a gasar kofin Afirka, aka ba ta jan kati a karawa da Maroko a Rabat, babban birninsu, aka fitar da mu a bugun fenariti. A 2025, a Rabat ɗin dai, Maroko na gaba da ci biyu, Najeriya ta farke ta ci 3-2, kofin Afirka na goma ke nan.

Na san abin da Baffa zai ce: sutura fa? Tambayar tana kan hanya, ba na raina ta. Amma tun 2014 aka halatta wasa da lulluɓi, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko da hijabinta ta buga kofin duniya a 2023.

Ban ce a tura kowa Turai ba. Roƙona ga hedimasta da Maigari shi ne a ware wa 'yan matan firamare yammacin Alhamis a filin makaranta, da dogon wando, malama mace na tsaye a kansu. Ƙwallaye da rigunan ni zan aiko kafin ƙaramar Sallah, in Allah ya yarda.

A gaida Inna da yara.

Naku,
ɗanku na Malmo