Sa hannun da na yi a takardar kora

Ina kwashe kayana daga ofishin ba da shawara na ci karo da fayil ɗin wani yaro ɗan aji biyu da aka kora saboda faɗa. Sa hannuna na nan a ƙasan takardar.

Zango guda cur na yi ina zama da shi, ina koya masa danne fushi, ina tonon halin da gidansu ke ciki. Kullum maganarsa ɗaya: "Malam, wallahi ni ba na neman kowa da faɗa." Na ɗauka taurin kai ne. Da shugaban makaranta ya nemi rahotona, na rubuta cewa yaron ya ƙi gyaruwa.

Ya tafi, faɗa bai ragu ba. A lokacin ne na buɗe littafin da ake rubuta laifuka, abin da ya kamata in yi tun farko. Kusan duk rigimar wuri ɗaya take tashi, lokaci ɗaya: ƙuntatacciyar matakalar bene, da an kaɗa ƙararrawa, manya na saukowa, ƙanana na hawa, babu malami ko ɗaya a wajen. Laifin yaron kawai, idan an bangaje shi yakan rama.

Abin takaicin, na san wannan tun ina ɗalibi. A 1979 Michael Rutter da abokan aikinsa sun fitar da bincikensu kan makarantun sakandare 12 a Landan, inda suka nuna cewa ko an yi la'akari da irin yaran da kowace ta ɗauka, ɗabi'arsu na bambanta gwargwadon yadda ake tafiyar da makarantar: shigar malami aji a kan lokaci, yabo, ba ɗalibai ɗawainiya, kula da muhalli. Na ci jarrabawa da shi, na manta.

Na kai wa shugaba shawarar a raba lokacin fitar manya da ƙanana. Ya ce, "Malam, yara aka ce ka gyara, ba bene ba." Bayan zango biyu ya kawo ta taron malamai a matsayin tasa. Aka yi masa tafi, har da ni.

Wanda zai gaje ni, kada ka yarda a ba ka ofishin da ke jikin na shugaba, babu yaron da zai kawo kansa. Malamin da ya jawo maka ɗalibi da kunne, ka ce ya sake shi tukuna.

Fayil ɗin kuwa ban mayar da shi cikin kabad ba.